Tumaki Bakwai da Ba Nawa Ba

Ku matso, ku da kuka ji rabin labari a bakin mutane. Na san abin da ake faɗi a gidajenku idan an zo zancen waccan shekarar. Wai kwamfuta ta kama Kaka tana ƙarya, wai na so in cuci kamfanin inshora sai jikata ta tona mini asiri. Wasunku ma da dariya suke faɗi. Ban hana ku dariya ba, amma kafin a sa ni a makara ina so ku ji yadda abin ya kasance daga bakin wadda ta ga farkonsa. Ni ban taɓa shiga aji ba, allon ma ban daɗe da shi a hannu ba. Ummi ce ke rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, ko da na zo inda ba ta so.

Ummi 'yar ɗan farina ce, wanda ba na kama sunansa, wanda kuke ce wa Baban Daura. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ita ma ba na kiran sunanta na yanka. Uwarta Safiya, mutuniyar Mai'adua, shekara biyar ta yi a gidan nan namu na ƙauye, gabas da Sandamu. Abin da ya raba ta da mijinta ba zan faɗa ba. Kowa yana da nasa laifin, kuma dukansu suna raye. Abin da zan faɗa shi ne abin da aka yi a tsakar gida, gaban kowa. Ranar da ya sake ta, zuciya ta ɗebe shi ya ce yarinya ba inda za ta, a hannuna za ta zauna, ya kuma rantse da Allah cewa ko allura ce ta fito daga hannun Safiya ba za ta taɓa 'yarsa ba. Ummi tana da shekara uku lokacin, tana goye a bayana tana ta kuka.

Da Safiya ta gama idda 'yan'uwanta suka zo ɗaukarta. An loda kayan ɗaki, an ɗaure gado, sai na neme ta ban gani ba. Na zagaya bayan ɗakina inda nake ɗaure dabbobi, sai ga ta a durƙushe tana ɗaure igiya a turkena. Tumaki biyu ne, farare, waɗanda mahaifinta ya ba ta ranar da aka kawo ta. Kun san yadda muke yi, mu mata. Mace ba ta ajiye duk abin da ta mallaka a gaban idon gidan da take aure. Sai ta kai wa wadda ta amince da ita kiwo, in an haihu a raba, kuma dabbar da aka ba ka amana ba a tallarta, ko mijinki ne ya tambaya sai ki ce ta mutane ce. Safiya ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Inna, ga su nan. Ba na son rabo. Duk abin da suka haifa na yarinyar nan ne."

Na ce, "Kin dai ji rantsuwar da ya yi."

Ta ce, "Na ji. Shi ya sa daga hannunki zai fito, ba daga nawa ba. Ki yi mini alkawari, Inna. Kada shi ya sani, kada ita ta sani. Ko bayan raina."

Na ce, "Ita ma? In ta girma ta ce kin yar da ita fa?"

Ta ce, "Ta ce. 'Yar fari ce, da wane ido zan kalle ta in ce ga abin da na yi miki? Ni dai ta ci ta sha."

Na ɗaga hannu na yi mata alkawari. Ban yi shawara da kowa ba, ban ce bari in kwana da maganar ba. Na ga mace tana barin 'yarta, duk abin da ta roƙa a wannan safiyar da na ba ta.

To, kwanci tashi, tumaki suka yi albarka. Ta farko tagwaye take haihuwa. Duk shekara idan Babbar Sallah ta gabato sai in fitar da rago ɗaya ko biyu in ba dillalinmu ya kai kara, kasuwar dabbobi, abin da ya kawo in ƙulle in ba Baban Daura in ce ga na makarantar Ummi, daga kiwona. Shi kuwa ya karɓa ya sa mini albarka. Yarinya ta yi firamare, ta yi sakandare a Daura, ta wuce Kano ta karanci aikin kwamfuta, tana alfahari da ubanta da kakarta. Safiya ta yi wani auren a garinsu, ta haifi wasu 'ya'yan. Ba ta taɓa tako gidan nan ba. Sau ɗaya ko biyu a shekara nakan ce za ni Mai'adua sayen kanwa, mu haɗu a gidan wata ƙanwarta, in gaya mata wadda ta haihu da wadda ta mutu, sannan can ƙarshe, kamar wadda ba ta damu ba, ta ce, "Mutanen gida fa?" In ce ta yi tsawo, ta ci jarrabawa, ta fara sa gilashi. Sai ta sunkuyar da kai ta yi ta wasa da bakin zaninta.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne sunan da Ummi ta sa mata. Ba ta cewa uwata. "Matar Mai'adua" take cewa. Ran da aka raba musu sakamako ta ga iyayen ƙawayenta mata sun zo, ta dawo ta jefar da jaka ta ce ita da ma mutuwa uwarta ta yi, da ta san inda za ta kai kukanta. Ina zaune ina tankaɗe. Dusar da zan ba tumakin uwarta ce a gabana, ban ce uffan ba. Wannan shirun ba na kwana ɗaya ba ne. Shekara ashirin da biyu na yi ina yinsa, ina ce wa kaina riƙon amana nake.

Ana nan, ana nan, sai wata shekara ciwo ya shigo ƙauyukanmu, mai sa dabba majina da zawo, kwana uku ta faɗi. Gidaje da yawa turke ya koma wayam. Ni Allah ya tsare, uku kawai na rasa. Bayan wannan ne wasu mutane suka zo da maganar inshorar dabbobi: kowa ya riƙa zuba ɗan abu kaɗan, wanda annoba ta faɗa wa garkensa a tallafa masa daga abin da aka tara. Liman ya bincika ya ce irin wannan taimakekeniya ce, ba caca ba, sai mutane suka shiga. Akan ɗauki hoton dabba da mai ita, a maƙala mata lamba ruwan ɗorawa a kunne, a tambaye ka inda take kwana. Na rubuta nawa guda biyar. Safiya da ta ji labarin ciwon hankalinta ya tashi, don tana so tumakin su kai ga auren yarinyar. Su ma an zo musu ta ƙungiyar matan unguwarsu. Ta aiko a ɓoye, na sa dillali ya loda guda bakwai ranar kasuwa kamar za a sayar, aka kai gidan ƙanwarta, aka ɗauke ta hoto da su, aka maƙala lambobi, da yamma aka dawo mini da su. Da aka tambaye ta inda suke kwana ta ce gidanta. Ba cuta ta nufa ba. Takardar ba ta da gurbin dabbar amana, kuma wace mace ce za ta tsaya gaban matan unguwa ta ce dukiyata tana gidan tsohuwar surukata? Tun daga ranar tumaki goma sha biyu ne a turkena, kowace da lambarta a kunne. Wa zai tsaya karanta lamba a kunnen tunkiya?

Allah da ikonsa, da Ummi ta gama karatu sai wannan kamfanin ya ɗauke ta aiki a Kano. Na ji, sai na ce a raina kamfani babba ne, ina ita ina tumakin ƙauye.

Bayan an gama yankan gero ta zo gida da kwamfutarta a jaka. Ta ci tuwo, ta yi mini tsiya wai miyata ta tsufa kamar mai ita, sannan ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida ta ce:

"Tsohuwa, yau ke ce malamata. An turo ni in duba aikin na'ura, kuma duk ƙasar nan ba wanda ya kai ki sanin wa ya haɗa da wa."

Na ce, "Au, bokon ya ƙare sai an dawo wurin jahila?"

Ta ce, "Zo ki gani dai, ki rage baki."

Ta buɗe. Na ga ɗige-ɗige barkatai, da layuka suna haɗa su kamar saƙar gizo-gizo. Ta sa yatsa ta ce wannan ɗigon ni ce, waɗannan tumakina, wannan rijiyar da muke ɗiba, wannan malamin dabbobin da ke yi mana allurar rigakafi, wannan dillalinmu. Ta ce duk layin da na ga a miƙe ba yankewa, abin da mutane suka faɗa ne da bakinsu, ko abin da malamin dabbobi da dillalai suka rubuta. Amma mutane ba sa faɗin komai, wani mantuwa, wani kunya, wani ba a tambaye shi ba. To ita na'urar ta duba mutane masu yawa ta koyi cewa waɗanda suka haɗa rijiya, suka haɗa mai allura, suka haɗa dillali, sau da yawa dabbobinsu ma wuri ɗaya suke kwana. In ta ga irin haka sai ta ja layi mai yanke-yanke, ma'ana tana zaton akwai igiya a nan da ba a gaya mata ba. Aikin Ummi shi ne ta bincika ta danna e ko a'a, da sunanta.

Na ce, "To ku ina ruwanku da inda tunkiyar wani take kwana?"

Ta ce, "Ciwo, Kaka. In tumakin mutum goma suna gida goma, ciwo ɗaya ba zai kwashe su ba. In kuwa turke ɗaya suke mu muna zaton gida goma ne, rana ɗaya za a zo mana da kuka goma, abin da aka tara ya kasa. Dole mu san inda haɗarin ya taru."

Na gane, don ni ma aikina ke nan a gidan suna. In na ga baƙuwa, na dubi tsagar fuskarta, na ji yadda take gaisuwa, na ga wadda ta zauna kusa da ita, sai in ce ke jikar wane ce ta wajen Dutsi, ta riƙe baki. Ba wanda ya gaya mini, alamu ne suka taru. Sai na gyara zama, abin ya fara yi mini daɗi. Ta karanto mini wasu magidanta biyu, ɗaya a garinmu ɗaya a ƙauyen gaba, na'ura ta haɗa su. Na ce ta yi gaskiya, gida ɗaya suka yi aure, shanunsu duka suna rugar surukinsu. Ta danna e. Ta karanto wasu mata biyu maƙwabta, rijiya ɗaya, dillali ɗaya. Na yi dariya har da tari, na ce ki gaya wa na'urarki waɗannan tun da akuyar ɗaya ta cinye wa ɗaya waken da ta shanya, ko inuwa ba sa haɗawa. Ta danna a'a tana cewa na kayar da kwamfuta. Muka yi ta yi har rana ta take.

Sai na ga fuskarta ta canza. Ta ja tsaki ta ce:

"Ga inda ta yi babbar ƙarya. Wai ke da matar Mai'adua."

Na ce, "Wa?"

Ta ce, "Kin san wadda nake nufi. Ita ma ta rubuta tumaki bakwai. Wai malamin dabbobin da ya yi musu allura na garin nan ne, rana ɗaya da naki. Wai dillalinki ne ke sayar da 'ya'yansu. Wai a hoto tsagar kunnensu irin taki ce. Shi ne ta ja layi har turkenki. Matar da ko gaisuwar mutuwar Kaka namiji ba ta zo ba!"

Ta kai yatsa za ta danna. Na riƙe mata hannu. Ban san lokacin da na yi ba.

Na ce, "In kika danna a'a, alhali e ne, me zai faru?"

Ta dube ni ta ce, "Me ya kawo wannan tambayar?"

Na ce, "Tsohuwa ba ta da ikon tambaya?"

Ta ce in ciwo ya zo aka tarar dabba ba ta inda aka rubuta, mai ita ba za ta samu komai ba. Ita kuma Ummi, da ta sa sunanta ta ce ta bincika, za a ce ta rufa wa kakarta asiri ne, aikin ma ba lallai ya tsaya ba. Kuma na'urar da abin da aka danna take koyo, in an koya mata ƙarya gobe a kan wasu za ta yi kuskure. Na ce to ki bar wannan zuwa jibi, kaina ke ciwo. Ta ce ran Litinin za ta miƙa aikin. Wannan ranar Alhamis ce.

Washegari da sassafe na hau mashin zuwa Sandamu, na shiga mota zuwa Daura, daga can Mai'adua. Na aika aka kira mini Safiya gidan ƙanwarta. Ta shigo da saurinta tana zaton ciwo ne ya faɗa wa tumaki. Na zayyana mata komai, tun daga ɗige-ɗige har zuwa hannun da na riƙe. Da na gama ta ce:

"Ƙarfe ne ya san wannan duka?"

Na ce, "Bai sani ba. Zato yake. Ni ce na sani."

Ta ce, "To Inna, abin mai sauƙi ne. Gobe ki sa a lodo mini su. In suka kwana nan, takarda ta zama gaskiya. Ita yarinyar ta danna a'arta, ba ta yi ƙarya ba, ke ma ba ki karya alkawari ba."

Wallahi dabarar ta yi. Na zauna ina juya ta, ban ga inda ta ɓule ba. Inshorar Safiya ta tsira, aikin Ummi ya tsira, rantsuwar ɗana ta zauna lafiya, ni ma in mutu da amanata a ƙulle. Abu ɗaya ne kawai: Ummi za ta danna a'a da hannunta, ta rufe kwamfuta, ta tafi da sunan nan "matar Mai'adua" a bakinta har ta koya wa nata 'ya'yan. Kuma ni ce zan loda shaidar a mota.

Na ce, "Safiya, kin san me take kiranki?"

Ta ce, "Ba na son ji."

Na gaya mata. Na gaya mata har maganar ranar sakamako. Shekara ashirin da biyu ina kawo mata labarin tsawo da gilashi, ranar na kawo mata sauran. Ta juya mini baya tana fuskantar bango.

Ta ce, "Ni na zaɓa. Ke kuma kin ɗaga hannu. Ban sake ki ba, Inna. In kika faɗa, tsakanina da ke ya ƙare."

Na ce, "Na ji."

Ta ce, "Gobe a lodo su."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na ɗauki mayafina na fito.

A hanya na yi ta tunanin abin nan na Ummi. Ƙarfe ne da bai taɓa ganin Safiya ba, bai taɓa jin warin garke ba, amma ya ga igiyar da duk gidanmu suka kasa gani, don shi ba ya jin kunya, ba ya tsoron rantsuwar kowa. Sai dai iyakarsa ke nan. Ya ga igiya, bai san wa ya ɗaura ba, bai san kukan da aka yi a kanta ba, kuma bai san abin da zai rushe in aka ja ta ba. Wannan nauyin a kan mutum yake faɗawa. Ranar a kaina ya faɗa.

Asabar da hantsi, lokacin da ya kamata in aika a kira dillali, sai na kira Ummi. Na ce ɗauko kwamfutarki ki zo ki taya ni ba dabbobi harawa. Ta ce me kwamfuta za ta yi a garke, ko tumakin ma za su yi karatu? Na ce ki dai zo. Da muka shiga na kamo wata babba mai ɗigon baƙi a goshi, jikar jikar ta farko, na juya mata kunnen.

Na ce, "Ni ban iya karatu ba. Karanta mini."

Ta karanta tana dariya. Sannan ta dubi kwamfuta. Dariyar ta tsaya. Ta kamo ta biyu da kanta, ta uku, tana dubawa tana komawa. Tumaki suna ta ture ta suna neman harawa, ba ta ma sani ba. Da ta kai ta bakwai sai ta zauna daɓas a kan turmin dusa.

Ta ce, "Kaka, tun yaushe?"

Na ce, "Tun ranar da aka loda gadonta."

Ta ce, "Ragunan Sallah? Na makaranta?"

Na ce, "Nawa ba su taɓa wuce cefane ba."

Ta ce, "Kina ji ina zaginta. Kina zaune. Kina ji!"

Na ce, "Ina ji."

Ta daɗe tana kuka, wata 'yar tunkiya tana tauna mata gefen hijabi. Da ta share ido ta ɗora kwamfutar a cinya, na ga layin nan mai yanke-yanke daga ɗigon Safiya zuwa nawa. Ta danna. Layin ya haɗe ya miƙe.

Kada wani cikinku ya ce ai Kaka ba ta karya alkawari ba, tunda ba da baki ta faɗa ba. Na so in ruɗi kaina da wannan, bai yiwu ba. Na karya. Da sanina na kama kunnen tunkiyar nan.

Kamfanin bai kama kowa ba, wannan ƙari ne na masu ba da labari. Ummi ta rubuta musu yadda kiwon amana yake a wajenmu, aka gyara takardar Safiya, ta ce mini daga baya ma an ƙara gurbi a takardun inda ake tambaya ko dabbar tana hannun wani. Abin da ya biyo baya a gida ne ya fi. Ummi ba ta iya ɓoye wa ubanta ba. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina, bai zauna ba, ya ce:

"Inna, shekara ashirin kina sa mini abin da na rantse a kai a tafin hannu, ina yi miki godiya."

Na ce, "Rantsuwar ce ba ta da kyau."

Ya ce, "Ko da ba ta da kyau, ni ya kamata in warware ta, ba a warware mini ina barci ba."

Ya yi gaskiya a nan. Ya je ya tambayi malamai ya yi kaffara. Yana zuwa gaishe ni duk Juma'a, bai taɓa fasawa ba, yana aiko da hatsi. Amma tun daga ranar in na miƙa masa abu, ko goro ne, sai ya ce a ajiye. Shekara uku ke nan bai karɓi komai daga hannuna ba.

Safiya kuwa ta cika maganarta. Mako bai zagayo ba ta aiko ƙanen mijinta da mota aka kwashe bakwai ɗin. Ba saƙo, ba gaisuwa. Na je Mai'adua sau biyu, ƙanwarta ta ce ba ta nan, ina kuwa ganin takalmanta a bakin ƙofa. Ummi ta gaya mini cewa da aka gyara wurin kwanan tumakin, layin da ke tsakanina da Safiya ya goge daga kwamfuta. Na ce wannan karon ma na'urar ba ta yi ƙarya ba.

Ita Ummi wata biyu ta yi kafin ta iya zuwa wajen uwarta. Ta ce da ta yi sallama matar ta fito, ta dube ta, ta koma ciki ta kawo ruwa a kwanon sha, ta zauna nesa tana kallon ƙasa. Ba ta kira sunanta ba, ba za ta taɓa kira ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "An zo lafiya? Gilashin ba ya sa ciwon kai?" Yanzu duk ƙarshen wata can take fara sauka kafin ta zo nan. Na tambaye ta ko wannan layin na tsakaninta da uwarta yana cikin kwamfutarsu, ta ce a'a, wannan ba ya cikin abin da kamfani ke aunawa.

To, kun ji. Na saya wa jikata uwa da amanar da aka ba ni, da hannun ɗana, da matar da na fi yarda da ita a duniya. In kun tambaye ni ko na yi daidai, ban sani ba, Allah ne zai raba. Abin da na tabbata shi ne laifina na farko ba na ranar Asabar ba ne. Na ranar da na ɗaga hannu ne ban tsaya na tuna cewa yarinyar da ke bayana ita ma tana da haƙƙi a cikin maganar ba.

Saura abu ɗaya, sai Ummi ta huta da hannu. Da daminar bana ta faɗi, ta zo daga Mai'adua a motar haya, na ji kukan dabba a zaure. Ta shigo tana jan 'yar tunkiya, fara, mai ɗigon baƙi a goshi, kunnenta ba lamba. Ta wuce ni ta je bayan ɗaki ta ɗaure ta a tsohon turken.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "An ce a ɗaure a nan."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ta ce, "An dai ce."

Na ce, "Ba a ce a gaishe ni ba?"

Ta ce, "Ba a ce ba."

Na je na duba haƙoranta, na shafa bayanta, na zuba mata dusa. Ummi ta ciro takardar kamfani da biro ta tsaya a kaina, ta ce tsohuwa, sai an yi mata lamba, sunan wa zan sa, kuma ina take kwana?

Na ce, "Rubuta. Ta Safiya ce. A gidana take kwana."